Sifanar Limbani

Ƙarshen wata a Zomba.
Gajimare ya zauna a wuyan tsauni,
ni kuwa na zauna da littafin bashi
a ofishin hukumar ruwa, fanka tana tari.

Shafin farko barikin soja,
wata goma sha tara ko sisi.
Gidan yari, shekara biyu.
Babban asibiti ya aiko wasiƙa mai hatimi:
"Ana duba lamarin."
Ta bara ma haka ta ce,
har mai sa hannun ya yi ritaya.

Rabin ruwan da muke tacewa
maƙogwaron gwamnati yake bi.
In ka ga kwacha ta shigo akwatinmu,
daga hannun Nachisale take, mai suya a bakin tasha,
ta kwance ta daga haɓar zane
da maiƙo a jikinta.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Amma wani cikin, da mai gadi a ƙofarsa.

Ran Litinin Limbani ya ɗauki sifana,
ya hau keke zuwa bariki.
Aka ba shi kujera, aka ba shi shayi
wanda da ruwanmu aka dafa,
sannan aka nuna masa hanya
da bakin bindiga, cikin ladabi.
Talata ya je asibiti.
Ya ɗora sifana a kan bututu ke nan
sai kukan jariri ya faɗo ta taga,
ungozoma na cewa a miƙo bokiti.
Da ya dawo ya ce mini ba shi ya ƙi ba,
hannunsa ne.

Alim ya kusa ƙarewa a sito.
Masu lantarki sun ce za su yanke mu.
Albashinmu wata uku yana hanya.

Yau na buga jerin waɗanda za a yanke wa,
masu ƙaramin bashi, masu ƙyauren langa-langa.
Na miƙa masa ban ɗago kai ba.
Ya bi sunayen da ɗan yatsa,
ya tsaya cik a na goma sha ɗaya:
gida mai lamba arba'in, Chinamwali.
Ya ɗan yi dariya, ya goge sifanar da gefen riga.

"Tadala, ba ni awa guda,
in je in ce wa matata
ta cika duro da tukwane."