Hannuna a Bangon Makaranta

Ran da Hajo ta sauka fadamar Wurno
da na'urarta rataye a wuya,
mun ɗauka mai rabon taki ce.
Arzika har ya wanke fuska a bakin rijiya.
Ni kuwa ta ce, baba, bar fuskar,
hannunka nake so.

Hannu? Wannan da kanta ta cinye,
wanda ya saba da yajin albasa
har ya daina kai ƙara wurin ido?
Na miƙa mata shi kamar mai jiran lada.

Mako uku tana biye da mu,
kunya bayan kunya,
har tamu kunyar ta ƙare.
Ta ɗauki injin ban ruwa yana tari.
Ta ɗauki Nomau yana tari,
tankin feshi a baya, ko ƙyalle babu a hanci.
Ta ce masa, nawa ne yini?
Ya ce, mi zan ce miki, ɗiyata,
sai albasa ta kai Kurmi
wakili ka tunawa da sunanmu.

Ta leƙa littafin wakilin ma,
inda kwana goma ke komawa bakwai
in biro ya gaji.

Sai ta tafi. Muka ce shi ke nan,
baƙo raɓa ne.

Amma bayan an ɗaure buhun ƙarshe ta dawo.
Daren Laraba, an idar da isha'i,
aka kafa farin zane a bangon firamare,
janareta na gunaguni,
mai tsire ya bar wutarsa ta mutu.

Ga hannuna, ya fi ƙofar aji girma,
kowace tsaga kamar gulbin Rima da rani.
Shekara hamsin ina ɗauke da shi,
ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Sai ga Nomau.
Kwana arba'in da muka kai shi makwanci,
ga shi yana gyara hula.
Ya yi tari, yara suka kwashe da dariya.
Ya sake yi, ba wanda ya dara.
Tumba ta cusa bakin mayafi a baki.

Wakili na can baya, jingine da babur.
Bai jira ƙarshe ba.
Bai kunna fitila ba sai da ya wuce tsamiya.

Hajo ta ce za ta kai mu Sakkwato,
gaban masu kujera mai juyawa.
To, Allah ya sa.
Majigi dai ba ya auna dawa a kwano.

Abin da na sani, da aka koma dashe,
wakili ya buɗe littafi,
Arzika ya dogara fartanya ya ce,
karanta muna da ƙarfi.

Ni ma na sayi nawa littafin, mai falle arba'in.
Modi ke jan mini layi in ya taso makaranta.
Yau layi goma.
Na ƙirga da yatsun nan da kowa ya gani.
Goma ne.