Lamba Sittin da Uku

Ni ke riƙe da babban littafi a ɗakin awon zuciya,
nan Jega, bayan tashar motocin Yauri.
Shekara tara ina rubuta sunaye da jan biro,
Dokta Saude Kimba tana mai da su lambobi.

Jiya da hantsi ta juyo mini fuskar kwamfuta.
"Nomau, duba.
An ambaci takardarmu sau ɗari huɗu da goma sha biyu."
Na ce, su wa?
Ta ce likitocin garuruwan da ba ta taɓa takawa ba,
waɗanda in an ba su sunanta su karanta
sai harshe ya sarƙe musu.

Sai zauren Malam Arzika ya faɗo mini a rai,
inda ake cewa an karɓo daga wane,
shi kuma daga wane,
har magana ta kai gindinta.
Ashe boko ma yana da isnadi.

Takardu goma sha bakwai ta fitar.
Ɗaya ce ta yi ƙafa ta zaga duniya,
sauran suna zaune kamar baƙin da ba a shimfiɗa wa tabarma ba.
Akwai wadda ta ci mata damina biyu,
mutum uku kacal suka waiwaye ta,
ɗaya ma gyara ya zo yi.

Tsohonta, manomin albasa a Aliero,
da aka kai masa albishir sai ya ajiye kwashe:
"Ɗiyata, shi ambaton ga,
mi aka saye da shi?
Ɗari huɗu in buhu ne, na san lissafi nai."
Ta yi dariya har da hawaye. Ba ta amsa ba.

Ni kuwa na san abin da ke cikin jadawali na biyu.
Mata ne masu jego,
ƙafafu sun kumbura har zobe ya nutse a yatsa,
numfashi sama-sama kamar an hau tudu da tulu,
zuciya ta saki
kamar tsohon guga da ya gaji da rijiya.

Lamba sittin da uku.
A can ɗigo ce, baƙa, can ƙasan zane,
inda layi ya karye ya gangara.
A nan Tumba ce, mai ƙosan bakin asibiti,
wadda ke ƙara mini biyu gyara ko ban roƙa ba.
Ta rasu ran Laraba,
jaririnta yana da kwana arba'in ba ɗaya.
Sau ɗari huɗu da goma sha biyu aka wuce ta kanta
ba wanda ya san tana da wushirya.

Ban ce laifi ne ba.
Dokta ta ce suna amana ne, ba a fita da shi,
kuma ɗigon nan ya sa wani likita a wata ƙasa
ya ƙara sauraren ƙirjin wata uwa.
Na yarda. Allah ya sa haka ne.

Amma ran kasuwa na ji da kunnena,
a layin masu kanwa,
Inna Ige ungozoma tana ja da wata tsohuwa:
"Rage mata! Dokta ta ce a rage.
In ta kasa kwanciya sai a zaune, kada a jira asuba."
Tsohuwar ta ce wa ya faɗa miki?
Ta ce Kulu, ita kuma daga bakin Dokta.
Wannan bai shiga kwamfuta ba.
Na so in gaya mata, aiki ya sha kanmu.

Yau an kawo wata a bayan babur,
mijinta yana riƙe da ita da rawaninsa.
Na buɗe sabon shafi, na ja layi.
Lamba ɗari tara da ɗaya.
Na ce, sannu, ki huta tukuna,
sannan ki faɗa mini sunanki.