Farashin Hannu

Ƙarfe biyun dare a Cleveland,
ƙanƙara tana lasar taga,
Marguerite Dunleavy ba ta bar teburi ba.

Tavion Birdsall, shekara ashirin da tara.
Hannu kamar danƙo,
gwiwar hagu ɗinki biyu.
Kuɗinsa dala miliyan casa'in,
a haɗa da zaɓen zagayen farko:
wani yaron jami'a mai araha
wanda ko sunansa ba ta sani ba tukuna.
Cinikin biri a sama.

Ta mayar da faifan baya.
Ya yi tsalle, ya cafe, ya dira
a kan ƙafar dama.
Kullum dama.

Ta ɗaga waya.
"Shekara biyu. Ban ce uku ba."
Wakilinsa ya yi shiru.
Kofinta ya huce.