La'ada

Babana Sada dillalin shanu ne.
Ran Lahadi yakan bar Daura da asuba
ya nufi Mai'aduwa, da sanda da goro.
Ya shafa tozon bijimi, ya duba haƙori,
a yi tayi, a ce albarka, a yi rantsuwa,
kafin a sallama rana ta take.

Ni kuwa rumfata shafin labarai ce,
ɗaki ɗaya a bayan tasha.
Nakan rubuta farashin gero, rasuwa, gobara,
in bar fili a gefen rubutu
kamar fegin da ba a gina ba.

Kana taɓa wayarka gwanjo ya tashi.
Dillalan da ba su da fuska
su ce: ga magidanci daga Zango,
jiya ya nemi farashin taki.
Wa zai taya? Kafin ƙiftawar ido
an sallama, an liƙa talla,
ban ji ko tarin mai saye ba.

Ido dubu nake sayarwa a kuɗin shayi.
Kowane dillali ya yanki la'adarsa,
ragowar ta kwanta sai ta cika dala ɗari.

Ran da na sa ta'aziyyar Malam Abashe
tallar caca ta zauna a kafaɗar hotonsa.
Na toshe ta, na kira 'ya'yansa ina ba da haƙuri.

Baba ya ce, "Wa ke saye a wurinki?"
Na ce ban taɓa ganinsa ba.
Ya yi shiru, ya ɓare goronsa:
"To in an cuce ki, rigar wa za ki kama?"