Jinin da Ban Biya Ba

Ni ne Iliya baduku, haifaffen Birni,
mai rumfa a gefen ƴan fata cikin kasuwar Dole.
Shekara talatin ina huda fata da basilla,
ban taɓa kwana da dalar wani a aljihuna ba.
Ubana yakan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Ni kuwa in ce, ban da cikina.

A Damagaram ko ruwan sha,
sai ka ƙirga wa ɗan ga-ruwa kuɗinsa
kafin ya sauke jarka a ƙofar gida.
Haka na ɗauki Ubangiji:
in kai masa azumi, ya auno mini lafiya,
in zuba baiko, ya cika mini mudu.
Ran Lahadi ina shiga majami'a kamar mai biyan haraji,
in zauna a bencin gaba, in fito ba mai bi na komai.

Sai wata Talata bayan la'asar, a hanyar Mirya,
mota ta kwashe kabu-kabun da na hau.
Na farka a babban asibiti,
jar leda tana rataye bisa kaina,
tana ɗiga, tana ɗiga
cikin hannun da nake ɗinki da shi.

Rifkatu ta ce, naka ya zube a kwalta.
An gwada na ƴaƴanka, an gwada nawa, bai dace ba.
Wani ne ya zo dubiyar ƙanensa,
ya ji ana cigiya, ya naɗe hannun riga.
Ya bayar, ya sha ruwa, ya tafi.

Sunansa?
Ba ta tambaya ba.
Unguwarsu?
Ta ce, Iliya, kai fa mutuwa kake yi.

Da na miƙe na zaɓi jar fata mai laushi,
na ɗinka takalma, ban san girman ƙafarsa ba.
Na bi Zango, na bi Garin Malam,
na hau Karkada ina ɗingishi tsakanin duwatsu,
jika goma a ƙulle cikin zabira.
Duk wanda na gani sai in dubi gwiwar hannunsa.
Wata uku. Haushi ya fara cin raina:
wane irin mutum ne zai sa ni cikin bashi
ya kuma ɓoye ƙofar gidansa?

Ran Juma'ar gicciye na makara, na zauna a baya.
Malam Barnaba ya iso da ƙoƙo,
hannunsa na rawa don tsufa.
Sau nawa na sha daga ƙoƙon nan
kamar mai karɓar canjinsa?
Ran nan na leƙa ciki, na ga ja,
na ji ɗigar nan ta asibiti cikin jijiyata.
Ashe tun da daɗewa wani ya naɗe hannun riga.
Ina kwance a kwalta, ban san inda nake ba,
ban roƙa ba, ban ma iya roƙo ba,
Yesu ya bayar, bai tambayi abin da ke zabirata ba.
Shi kuwa bai ɓoye sunansa ba,
ni ne nake ta miƙa masa dala.

Na sha. Na yi kukan da ban yi ba ran da ubana ya rasu.

Jiya Tanimun ɗan ga-ruwa ya tsaya a rumfata,
faso ya tsattsage masa dugadugai.
Na sauko da takalman nan, sun ɗan yi masa yawa.
Ya ce nawa? Na ce tafi da su.
Ya ɓata rai, ya ce shi ba ya cin bashi,
zai riƙa kawo mini jarka biyu kullum har ya biya.
Na dube shi, na ga fuskata ta bara.
Na ce zauna tukuna, Tanimun, rana ta yi zafi,
bari in ba ka labarin wata Talata.