Haƙorin Saruul

Ranar Talata haƙorin Saruul ya fita,
tana cikin tauna busasshen cuku.
Ta tofo shi a tafina,
ɗan fari, bai kai ƙwayar masara ba,
da ɗigon jini a gindinsa.

Kakarta Dolgor ta naɗe shi cikin kitsen tunkiya
ta miƙa wa kwikwiyonmu a bakin tanti,
ta ce, karɓi wannan marar ƙarfi,
ka ba jikata irin naka.
Haka aka yi mini, haka aka yi mata.
Ban ce uffan ba.
Amma harshena ya zaga cikin bakina
yana ƙirga kangaye:
biyu a hagu, ɗaya a dama,
da turmin da aka cire mini bara
bayan kwana tara ban runtsa ba
a kujerar motar kwal, kan hanyar Gobi.
Kare ya cika alkawarinsa,
ni ne ban riƙe amana ba.

A unguwarmu ta gefen Ulambatar
ruwa sayensa ake yi.
Nakan turo jarka a kura, kan ƙanƙara,
hancina na daskarewa.
Duk da haka kofi guda na ware,
shuɗi, mai tsagaggen hannu,
in ɗora shi gefen murhu ya huce sanyi,
don dasashin yaro ba ya son ruwan da ke cizo.

Likita Byambaa, wata gajeruwa mai saurin magana,
ita ta nuna mini a asibitin gunduma.
Man kada ya wuce ƙwayar wake, in ji ta.
Safe da dare.
Na dare ya fi, don barna a duhu take aiki.
Ta tofar, kada ta haɗiye.
Kuma kai za ka riƙe mata buroshin
har ranar da ta iya ɗaure igiyar takalminta.
Na ce ai waɗannan zubewa za su yi.
Ta dube ni ta saman tabarau:
masu riƙon wuri ne,
in suka ruɓe, na ƙasa a ruɓa za su tarar da gida.

To, ga mu kowane dare.
Hayaƙin unguwa ya rufe taurari,
Saruul a kan gwiwata, kai a baya,
baki buɗe kamar ɗan tsako.
Ina zagayawa a hankali,
na gaba, na gefe,
can ƙurya inda alawar makaranta ke ɓuya.
Takan ciji buroshin don ta ba ni haushi.
Wani dare kuka, wani dare dariya,
wani daren ni ne gajiya ta kayar,
sai in ji ƙaramin hannu yana jan rigata:
Baba, ba mu yi ba.

Dolgor na gefe tana kaɗa shayi da madara,
tana gunaguni wai a zamaninsu
cuku kaɗai ya isa.
Ban tanka ba.
A zamaninsu babu kanti a bakin layi
mai lemon kwalba jere kamar sojoji.

Jiya Saruul ta kama yatsana
ta kai shi cikin giɓin.
Wani abu mai kaifi na leƙowa,
gefensa kamar bakin zarto.
Ta ce kwikwiyo ya biya bashi.
Na ce haka ne.
Ɗauko kofin.