Lamba Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare nake tashi,
in kwaɓa ƙullu har gari ya waye a Zottegem.
Shekara goma sha tara hannuwana sun san aikinsu.
Ƙafafuna kuwa, ba wanda ya taɓa tambayarsu komai.

Keken na ƙanena ne, Wannes.
Ya rataye shi a gareji ranar da gwiwarsa ta ƙi,
gizo-gizo ya yi gida tsakanin wayoyin taya.
Na sauko da shi don zuwa aiki kawai, in ji ni.
Sai wata asuba, a hawan tudu,
na hango bayan wani mutum mai jar riga,
na cim masa, na wuce shi, ban waiwaya ba,
na isa gidan burodi ina dariya ni kaɗai.

Lahadi, tseren ƙauye, zagaye goma sha biyu kewaye da coci.
Maza ɗari da ashirin sun yi nasu tun da hantsi.
Mu ashirin da uku ne.
Tsohuwar da ke rajista ta leƙo ta saman tabarau:
"'Yarki kika kawo?"
Na ce kaina na kawo.
Ta miƙo lamba arba'in da bakwai da fil huɗu,
ɗaya a lanƙwashe.

Usur.

Ba wanda ya gaya mini gungu yana numfashi,
yana kumbura a miƙaƙƙiyar hanya, ya tsuke a kwana,
kafaɗa na gogar kafaɗa, taya na sunsunar taya.
Duwatsun titi suka shiga haƙorana,
ruwan sama ya taso daga ƙasa, baƙi, da ɗanɗanon taki.
Na taɓa birki inda ba a taɓawa.
Taku ɗaya na rata ya zama biyar,
biyar ta zama gonar dankali guda,
sai iska ta gan ni ni kaɗai, ta zo gaisuwa.

An ce sannu ba ta hana zuwa.
A nan tana hanawa:
in na gaba suka zagayo suka same ki, alƙali zai ɗaga tuta,
ki sauka, ki koma bayan igiya cikin masu laima.

A zagaye na biyar na tarar da wata,
laka ta rufe lambarta, jini a haɓarta.
"Annelore," ta ce, kamar tana tofar da ƙwallo.
"Shiga bayana. Ki ƙirga talatin, ki karɓe ni."
Haka muka raba iskar nan tsakaninmu,
talatin nata, talatin nawa,
kamar burodi ɗaya a hannu biyu.
Da nawa ya koma ashirin, ba ta ce komai ba.
Cinyoyina tanda ne, na san tanda,
na san ba ta kashe mai haƙurin tsayawa kusa.

Ƙararrawar zagayen ƙarshe.
Babur ɗin alƙali na huci a ƙeyarmu, bai kama mu ba.
Ga layi can, gaban shagon mahauci,
mutane sun fara naɗe tutoci.

Matsayi na goma sha bakwai ne a gabanmu. Ba kofi, ba fure.
Na dube ta, ta dube ni.
Awa guda tana tare mini iska.
Na sauya giya, na miƙe kan feda,
na ba ta duk abin da ya rage, ba kunya ba tsoro.

Ta riga ni da rabin taya.

Muka zube kan ciyawa muna haki kamar karnuka.
An ba ta ambulan mai Yuro biyar,
ta saya mana soyayyen dankali, ta cinye fiye da rabi.
"Asabar akwai wani a Herzele," ta ce.
"Kar ki taɓa birki a kwanar farko."

Ƙarfe biyun dare, ƙullu na tashi a kwano.
Ina tsaye da ƙyar.
Lambar tana bushewa a kan ƙusa kusa da tanda,
da fil uku a jikinta.